Ranar da Ban Amsa wa Kogi Ba

Warin tattasai ne yake fara zuwa mini. Kafin in tuna fuskar kowa, sai in ji yajin nan mai ɗan zaƙi ya shiga hancina, irin na tattasan da ya yi mako a rana, ya yi ja har ya fara komawa baƙi. Ko yau in na bi ta layin masu buhu a kasuwar Diffa, sai na tsaya kamar wadda aka kira daga baya. In yi atishawa, in share ido, masu kaya su ɗauka yajin ne kawai.

A ƙauyenmu na bakin Komadugu, idan sanyi ya shigo, filin bayan gidaje gaba ɗaya ja yake zama. Injinan ban ruwa suna ta kuka a bakin kogi tun asuba, in suka yi shiru da magariba sai kwaɗi su karɓa. A lokacin ne ake zube mana tattasai a kan tabarmar kaba, mu yara shida ko bakwai, mu cire masa hanci, mu ware ruɓaɓɓe, mu tura mai kyau gefen da za a ɗura a buhu. Aiki ne mai sa gyangyaɗi, kuma duk wanda ya manta ya murza ido da wannan hannun, kukansa sai an ji a gida uku. Shi ya sa Kaka take zama da mu, ta hura ƙodagon goriba a kasko, ta hana mu barci da bakinta.

Kaka mahaifiyar babana ce. Bahaushiya ce daga wajen Damagaram, aure ya kawo ta cikin Barebari tun tana yarinya. Barbarci ta iya shi har tana yin faɗa da shi a kasuwa, amma tatsuniya sai da Hausa. Ta ce Barbarci da girma ta koye shi, ba ta yin mafarki da shi. Ba ta kiran sunana, don sunan mahaifiyarta aka sa mini. Uwata take ce mini, ko da lokacin da take yi mini faɗa ne.

Tana da yadda take buɗe tatsuniya, ban taɓa ji a bakin wani ba. Sai ta ƙwanƙwasa gindin ƙwarya sau uku ta ce, "Baƙuwa na bakin ƙofa." Mu kuma mu ce a shimfiɗa mata tabarma. In amsar ta fito sanyi-sanyi, sai ta ce baƙuwar ta ji ba a murna da ita, za ta wuce gidan gaba. Ta rufe bakinta, ta ci gaba da cire hancin tattasai kamar ba ta san mu ba, har sai mun sake faɗa da ƙarfi.

Tatsuniyoyinta da yawa, amma ta Kogi ita ce tamu, don ita ce muke da aiki a cikinta.

Kogi, in ji Kaka, tsoho ne matafiyi mai doguwar riga shuɗiya. Duk shekara in damina ta cika, sai ya taso daga yamma yana jan rigarsa a ƙasa, duk inda ta taɓa sai kifi da ciyawa. Amma Kogi ba shi da ido, da kunne yake tafiya. In ya zo kusa da gari sai ya tsaya ya yi kira, "Kuna nan?" In an amsa ya kwanta a wurin ya yi watanni, in bai ji kowa ba ya ɗauka kufai ne ya wuce. A nan Kaka takan kumbura murya ta yi kiran, mu kuma mu zama mutanen garin, mu ce muna nan. Gari na farko, gari na biyu, gari na uku, har maƙwabta su san an kai wajen Kogi.

Sai ya zo wani gari da aka yi sa'ar kamun kifi, kowa ya zauna cin tarwaɗa. Ya yi kira, bakin kowa a cike, kowa na tsoron ƙaya, kowa yana jira na kusa da shi ya haɗiye ya amsa. A wannan wurin mukan kumbura kumatu mu riƙe dariya, Kaka tana kira muna kallon juna. Kogi ya ja rigarsa ya wuce. Garin ya bushe, rijiya ta koma rami, awaki suka fara cin tsumma. Sai wata yarinya ta ce za ta bi shi. Ta bi sawunsa, ƴan tabkuna ne da ya bari nan da can cikin rairayi. Ta tambayi shamuwa, shamuwa ta ce jiya ya wuce. Ta tambayi goriba, goriba ta ce ɗazu. Ƙafarta ta tsage, muryarta ta dishe don ƙishi. Ta iske shi a bakin babban tabkin Chadi, ƙafarsa ɗaya cikin ruwa, kuma duk kogin da ya shiga can da ƙafa biyu ba ya komowa. Ta buɗe baki, murya ta ƙi fita. Shi kuwa ya ji kamar motsi a bayansa, ya juyo da fuskarsa marar ido, ya yi kira na ƙarshe.

Nan Kaka takan aje tattasan hannunta. Ta yi kiran a hankali, ƙasa-ƙasa, ta jira. Mu ne za mu ara wa yarinyar murya. Mukan kwarara ihu har kaji su firgita a akurki, Kogi ya zare ƙafarsa ya biyo yarinya gida. Shi ya sa har yau yake tafiya ya komo, kuma yake barin tabkuna don mai binsa ya ga hanya. Daga nan Kaka ta ce baƙuwa ta ɗauki takalmanta, kowa ya wanke hannu da toka kafin ya taɓa fuska.

In an tambaye mu darasin, mukan ce in babba ya kira ka ka amsa, ko da abinci a bakinka. Kaka ba ta taɓa cewa haka ne ba, ba ta kuma ce ba haka ba ne.

Ina aji biyu a kolej mutanen daji masu bindiga suka fara tsallako kogin. Ba zan ba da wannan labarin a nan ba. An bar ƙauyen da tattasai a tsaye a gona, ya nuna ya bushe a jikin karansa babu mai tsinka. Babana ya kama mana ɗaki a Diffa. Kaka ta ƙi birni, ta zauna da ɗiyarta, Gwaggo Bintu, a cikin bukkokin ƴan gudun hijira da ke gefen kwalta a Gagamari. Ta ce a can in iska ta juyo daga kudu tana jin ƙanshin ruwa. Ni kuwa karatu ya ja ni, daga kolej zuwa lise, daga lise zuwa jami'a, tafiyar yini guda a mota daga gida. Na zaɓi adabi don ina tsammanin a can ne ake ajiye irin abin da na baro a tabarmar kaba.

A shekara ta biyu muka samu sabon malamin adabin baka, matashi, mai son aikinsa. Ranar farko ya ce zamanin kwafe tatsuniya daga tsoffin littattafai ya wuce. Kowa zai je gida a hutu, ya ɗauki muryar wani tsoho da salula, ya tura a gurup na aji, ya rubuta abin da aka faɗa, ya yi sharhi. Ajin ya rabu nan take. Manyanmu, waɗanda suka yi koyarwa kafin su dawo karatu, suka ce adabi takarda ne, abin da ba a ja masa layi da biro ba karatu ba ne. Masu ƙananan salula ta maɓalli suka yi shiru, don su matsalarsu ba ta ra'ayi ba ce. Wasu kuma murna suka yi don sun hango sauƙi. A gwajin farko ɗalibai biyu suka kawo muryar tsohuwa ɗaya da suka sauko da ita daga intanet, kowa ya ce kakarsa ce. Malam ya saurara har ƙarshe, ya ce yana taya su murnar gano zumunci. Wani kuma ya sa na'ura ta tsara masa tatsuniya, aka samu dusar ƙanƙara a cikinta.

Bukar, ɗan wajen Bosso, shi ne ya faɗi abin da ya sa dariya ta tsaya. Ya ce tsoffinsa suna sansanin ƴan gudun hijira na Yebi, kuma a can duk wanda ya ɗaga salula a gaban tsoho, an san rajistar rabon abinci ya zo yi. Ba tatsuniya za a ba shi ba, yawan ƴaƴa za a faɗa masa da ranar da aka ƙone gari. Ya ce shi yana ganin abin nan zai tsaya tsakanin mutum da kakarsa kamar baƙo na uku.

Ni ce na miƙe na amsa masa. Ban saba magana a aji ba, amma ranar bakina ya buɗe. Na ce ƙauyenmu ya tafi, gonaki sun tafi, goribar da muke wasa a ƙarƙashinta ban san ko tana nan ba. Abin da ya rage yana cikin maƙogwaron tsoffi, su kuma kullum raguwa suke. Takarda tana riƙe kalma, amma ba ta riƙe yadda Kaka take kumbura murya. Salula za ta riƙe. Na ce wannan ne karo na farko da murya za ta fi mai ita daɗewa a gidajen talakawa irinmu. Aka tafa mini. Ramatu, abokiyar ɗakina, ɗiyar wani ma'aikaci daga Yamai, ta yi mako tana kirana mawaƙiya. Na ji daɗin tafin nan fiye da yadda ya kamata.

Sharaɗi ɗaya malam ya nanata. Ya kunna mana wasu muryoyi na bara, ba a jin komai sai akuya da kukan jariri da rediyon maƙwabci. Ya ce yana son murya tsaf, duk wanda ya kawo hayaniya zai rasa maki. Gaskiya ya taɓa cewa masu sauraro rabin tatsuniya ne. Na rubuta wannan a littafina da Faransanci, na ja masa layi biyu. Amma maganar maki ita ce na tafi da ita gida a zuciya.

Na isa Gagamari bayan la'asar. Kaka na zaune a ƙofar bukkar tampol, faifai a cinya, tana tsince dawar rabo da yatsu. Na yi sallama, ta ɗago tun kafin in rufe baki. Ta kama wuyan hannuna, ta bi shi da matsa har kafaɗa, ta ce boko ya cinye mata uwa ya bar ƙashi. Ta shafa fuskata da tafin hannu biyu, ta daɗe tana shafawa, ta murza bakin zanina ta ce mai kyau ne. Na ɗauka kewa ce.

Na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta ce to, yanzu tatsuniya ma ta shiga lakwal ta zama ƴar boko, saura a saya mata takalmi. Amma da rana ba ta yi, sai an yi magariba. Kafin lokacin labari ya zaga cewa wata ta zo da babbar salula. Mata suka fara taruwa da katunansu a hannu, kamar yadda Bukar ya faɗa. Gwaggo Bintu ta sha wahalar fahimtar da su cewa jika ce ta zo ganin kakarta. Matan suka watse, amma yara suka tsaya, sun kai goma, sun riga sun zauna a tabarma suna tari suna ture juna. Na dube su, na tuna akuyar da malam ya kunna mana. Na roƙi Gwaggo ta tafi da su bukkar maƙwabta, na ce in an gama na makaranta sai a yi nasu.

Kaka ta ji ƙafafunsu suna nisa. Ta ce, "Yaran fa?"

Na ce za su komo.

"To wa zai shimfiɗa wa baƙuwa tabarma?"

Na ce ni, ai ban manta ba.

Babu ƙodago, ƴan gawayi ne a kasko, haskensu bai wuce gwiwarta ba. Ta ƙwanƙwasa gindin kwanon roba sau uku, ta ce baƙuwa na bakin ƙofa, na amsa. Sannan na aje salular a kan tabarma kusa da ita, na danna jan maɓalli, na ɗora yatsa a leɓena na nuna mata, alamar daga nan ni shiru zan yi. Sharjin ya kusa ƙarewa, kuma babu wuta a wurin. Idona rabi a kanta, rabi a kan ɗan layin da ke raguwa.

Muryarta ta tsufa amma ba ta karye ba. Kogi ya taso daga yamma yana jan rigarsa. Ya zo gari na farko, Kaka ta kumbura murya ta yi kira. Amsar ta zo har bakina, na haɗiye ta, na ɗaga mata kai ina murmushi. Ta jira. Wata babbar mota ta wuce a kwalta, na ji haushin ƙarar. Ta jira har ƙarar ta ɓace, sannan ta ci gaba. A gari na biyu ta miƙo hannu tana laluben tabarma, na ji tsoro kar ta buge salular, na janye ta gefe, ni ma na matsa baya. Hannun ya tsaya a inda nake zaune ɗazu, ya koma cinyarta. A gari na uku ba ta kumbura murya ba. Wajen cin tarwaɗa, inda muke mutuwa da dariya, ta wuce shi da jimla biyu. Shamuwa ba ta fito ba sam.

Da aka kai bakin Chadi ta yi kiran ƙarshe ƙasa-ƙasa, yadda na san shi. Hawaye suka zubo mini, na yi ta ɗaga kai da ƙarfi. Shirun ya yi tsawo har na duba ko salular ta mutu. Sai ta ce, "Ya saurara, bai ji kowa ba. Ya sa ɗaya ƙafar." Ta ɗan tsaya. "Baƙuwa ta ɗauki takalmanta."

Na yi mamaki, don ban taɓa jin wannan ƙarshen ba. Amma a daidai nan salular ta ɗauke, tsoro ya kama ni ko abin bai ajiyu ba. Na zare jiki a hankali, har lokacin ina cikin shirun da na ɗora wa kaina, na tafi neman mai faifan sola a ƙarshen layi. Da na komo ta kwanta, fuskarta na kallon tampol. Yaran ma an kai su barci. Da asuba, zan shiga motar farko, ta riƙe hannuna ta sa mini albarka mai tsawo. A ƙarshe ta ce, "Allah ya sa abin naki ya ji da kyau."

Ya ji da kyau. A jami'a Ramatu ta zuba muryar a ordinatarta, wato kwamfuta, ta nuna mini ita kamar tuddai a jere, tsakaninsu wasu dogayen layuka a kwance. Ta ce waɗannan shiru ne, ɓata wuri kawai, kuma gurup ba ya ɗaukar abu mai nauyi. Muka yanke su ɗaya bayan ɗaya. Na asalin kuwa na goge shi bayan mako biyu, don salular ta cika da takardun darasi.

A sharhina na rubuta cewa gudun hijira ya shiga cikin tatsuniyar. Tsohuwar da aka raba da koginta ba ta iya sa shi ya komo ko da a baki. Na rubuta shi da dukan zuciyata, ina kuka. Malam ya karanta wa aji, ya ba ni sha bakwai bisa ashirin, ya ce ga abin da na'ura take ba mu, mu kama tatsuniya a daidai lokacin da tarihi yake lanƙwasa ta. Har manyan nan masu biro suka gyaɗa kai, wasu suka zo in koya musu yankan. Bukar kaɗai bai tafa ba. A bakin ƙofa ya tambaye ni ina yaran suke. Na ce na cire hayaniya. Ya dube ni, ya wuce.

Kaka ta rasu kafin hutu na gaba. A wannan salular aka kira aka gaya mini. Na yi shekara ina kunna muryarta kafin in kwanta, ina gode wa Allah da na yi wayo na riƙe ta. Duk wanda ya kushe karatun salula a gabana, labarina nake ba shi.

Yanzu ina koyarwa a wani kolej a Diffa. Akwai ranar da na ce bari in yi wa ɗalibaina tatsuniyar Kogi da bakina. Yawancinsu a bukkokin gefen kwalta suka yi wayo, wasu ba su taɓa sa ƙafa a Komadugu ba, ga shi kusa da su. Na kumbura murya na yi kira. Suka dube ni. Wata yarinya a layin gaba ta zaro salula daga jaka a ɓoye, ta ɗaga ta saitin fuskata, tana murmushi don ta nuna mini abin ya burge ta. Na gaya musu abin da ake cewa, suka maimaita kamar karatun allo. Ban kai su bakin Chadi ba.

Bara Gwaggo Bintu ta zo Diffa ganin likita, ta kwana a wurina. Bayan mun ci abinci na ce ina da tsaraba da na daɗe ina ajiye mata. Na kunna. Da ta ji muryar mahaifiyarta ta rufe baki da mayafi, ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba. Na fara yi mata bayanin sharhina, yadda baƙin cikin hijira ya canza ƙarshen. Ta girgiza kai. Ta ce wannan ƙarshen ya girme ni, ya girmi hijira. Tun suna yara, in barci ya kwashe su aka yi kiran ƙarshe babu mai amsawa, haka Inna take rufewa, Kogi ya sa ɗaya ƙafar, kowa ya tashi da safe ya ji an ce jiya kun bar shi ya tafi. Ta ce mu ne dai ba mu taɓa ji ba, don tattasai ba ya barin mu barci.

Da Gwaggo ta kwanta na sa abin a kunne na koma farko. Na ce ko yanzu ne bari in amsa. Kogi ya zo gari na farko, Kaka ta yi kira, na buɗe baki, amma kafin in ce muna nan har ta shiga jimla ta gaba. Na mayar, na sake gwadawa. Babu wuri. Duk inda ta tsaya ta jira ni, ni da Ramatu mun yanke shi. A abin da ya rage mini, Kaka tana tambaya ta wuce kamar wadda ba ta damu da amsa ba, kuma ba haka take ba ko sau ɗaya a rayuwarta.

Ba na ɗora wa salula laifi. Har gobe in ɗalibi ya tambaye ni, cewa nake ya ɗauka, ya ɗauka da akuyar da tarin da komai. Abin da na faɗa a aji ranar da aka tafa mini ba ƙarya ba ne, muryar ta fi mai ita daɗewa. Sai dai na ɗauka tatsuniya abu ce da ke cikin bakin Kaka, a je a ɗebo kamar ruwa a tulu. Ashe rabinta a bakina take, kuma na je har Gagamari na rufe bakin da hannuna. Mutanen garin nan ma ba mugunta ce ta hana su amsawa ba. Abu mai kyau ne a bakinsu, suna tsoron kar ya ɓaci.

Abu ɗaya na riƙe a daren nan don in samu barci. Na ce ko ba komai ta ga ina ɗaga kai. Ta san ina nan, ta ga hawayena, wataƙila fushi ta yi kawai irin nata na da, lokacin da take cewa baƙuwa za ta wuce gidan gaba.

Da safe na raka Gwaggo tasha. Tana gyara ƙullin maganinta a cinya, na leƙa ta tagar mota na faɗa mata. Na ce ban yi magana ba ne don kar in ɓata ɗaukar, amma duk kiran da Kaka ta yi na ɗaga mata kai.

Gwaggo ta bar gyaran ƙullin. Ta ce, "Ashe babu wanda ya gaya miki har yau."

Ta ce idon Inna ya tafi tun kafin azumin shekarar. A gani garau yake, amma ko hasken kasko ba ta rarrabewa. Ita ta hana a faɗa mini, ta ce in na ji zan bar karatu in komo jinya. A daren, da Gwaggo ta dawo da yaran, ta iske ta zaune ita kaɗai, hannunta a kan tabarma. Ta ce mata, "Uwata ta aje mini ƙarfen ta fita tun a garin farko. Kar ki yi mata faɗa, yarinya ce. Na dai ƙarasa masa, tunda shi aka ce in yi wa."